Daren Da Janareto Ya Mutu A Kuru

Na san a makon jiya na yi muku alkawari cewa yau za mu ƙarasa maganar tsadar takin zamani. To, sai ku yi mini aikin gafara, domin wata tafiya ta gitta, ta tono mini abin da na daɗe da binnewa, kuma in ban fitar da shi ba alƙalamin nan ba zai yarda ya rubuta wani abu dabam ba. Maganar taki tana nan, ba ta ruɓewa.

Edita ne ya aike ni Kuru, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, in ɗauko rahoton wani taro a Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa, watau makarantar nan da aka kafa a 1979, inda manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda da manyan ma'aikatan gwamnati kan je su yi watanni suna nazari, sa'an nan su fito da haruffa uku a bayan sunayensu. Janar Ibrahim Babangida ma yana cikin rukunin farko da suka shiga. Galibin mutanen ƙasar nan in an ce Kuru, wannan Cibiya kaɗai suka sani. Ni kuwa tawa cibiyar ce aka binne a garin, kuma a nan ne na fara ganin mawaƙi da idona yana waƙa, ba a rediyo ba, ba a kaset ba.

Kuru gari ne na kuza. Ƙasar ta Birom ce tun kaka da kakanni, amma tun farkon ƙarnin da ya wuce, da Turawa suka buɗe haƙar kuza a kan tsaunin Filato, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, har da Ibo da Yarbawa, kowa da sheburinsa da kwanonsa. Kakana na wajen uba daga ƙasar Kazaure ya zo, a barikin kuza aka haifi mahaifina, shi ma kuwa leburancin ya gada, har zuwa 1985 lokacin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, ya ajiye shebur ya koyi ɗinki. Abin da kamfanonin suka bar mana gado shi ne kududdufai masu zurfi, waɗanda iyaye mata ba su da aiki sai gargaɗin yara a kansu. Har ila yau a Kuru ne hanyar jirgin ƙasa ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Jos, ɗayan ya bi ta Bauchi da Gombe har ya isa Maiduguri a 1964. A zamanin ƙuruciyarmu dai jirgin ya riga ya zama baƙo, mun fi sanin dogo a matsayin wurin wasa.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a ƙarshen Disamba na shekarar 2000, ina da shekara 12. A wannan shekara Ƙaramar Salla ta zo kwanaki kaɗan bayan Kirsimeti, saboda haka mako guda cur garin bai rabu da biki ba. Shinkafa da nama sun shigo gidanmu daga maƙwabta ranar Kirsimeti, tuwo da miyar taushe sun fita daga gidanmu zuwa nasu ranar Salla, kwanukan ma har sun rikice, ba a san na wa ke hannun wa ba. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwar mota da lasifika a kanta tana zagaya unguwanni, mai shela yana cewa direbobin tasha sun shirya wasan Salla a filin makarantar firamare, kuma Ɗan Maraya Jos ne zai zo da kansa.

To, a gidanmu akwai doka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsanani, kuma a wurinsa kiɗan dare na 'yan iska ne, ɗan mutunci ba ya zuwa. Ko rediyo in aka sako waƙa yakan miƙa hannu ya rage murya. Na kwana biyu ina juya abin a zuciyata ban ga mafita ba, sai Allah ya kawo Kawu. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yaron mota ne a wata babbar mota mai ɗaukar dankalin Turawa zuwa Kano, kuma motarsu ce aka ɗauka haya ta kwaso bencina. Bayan sallar Isha'i ya leƙo madafa inda take jin ɗumi, ya ce, "Yaya, ki ba ni aron Auta ya taya ni ɗaukar benci."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Benci da daddare?"

Ya ce, "Da daddare ake zama a kai, Yaya."

Ta yi shiru, can ta tashi ta ɗauko rigar sanyin yayana ta jefo mini, ta ce, "In Malam ya tambaya, ni ban gan ku ba."

Muka biya muka ɗauki abokina, wani yaro Birom da muke aji ɗaya, wanda zan kira Pam ko da yake ba sunansa ke nan ba. An kewaye filin da zana, an bar ƙofa ɗaya, kuɗin shiga Naira 20, watau takardar nan mai hoton Janar Murtala. Ni da Pam ko an haɗa aljihunanmu an girgiza ba za a sami Naira 5 ba, don haka muka biya da ƙarfinmu. Benci nawa muka ɗauka, Allah ne masani, na dai san kafaɗata ta kwana uku tana tuna mini. Ladanmu shi ne aka bar mu muka zauna a ƙasa gaba-gaba, dab da teburin da aka ɗora makirufo.

Mai karatu, in ba ka taɓa kwana a Filato cikin Disamba ba, kada ka ce ka san sanyi. Kowa ya zo a naɗe, wani da bargo, wani da tsohon kwat ɗin soja, mata da zannuwa bibbiyu. Masu shayi da masu tsire sun jeru a gindin zana da acibalbal ɗinsu. Ga direbobi da yaran mota, ga tsofaffin leburorin kuza, ga malaman makaranta, ga ma'aikatan reluwe da ba su ga albashi ba balle jirgi, ga matan Birom masu sayar da acca da tumatir, ga Ibo masu kantin kayan mota. A lokacin ban ga wani abin mamaki a wannan haɗuwa ba, haka na buɗe ido na ga garinmu. Aka fara da wasu makaɗan kalangu na gari, sanƙira yana ta kururuwa yana kirari ga shugabannin tasha, har ƙarfe goma ta gota, har barci ya fara fizgar Pam.

Ni a zatona, tun da mun saba ganin su marigayi Mamman Shata a talabijin da tawagar makaɗa da 'yan amshi, babban mawaƙi kamar wannan sai ya zo da mota biyu cike da mutane. Da aka ce ya iso, filin ya ruɗe, na miƙe tsaye ina neman tawagar. Sai na ga mutum ɗaya tak ya matso gaban makirufo, cikin babbar riga da hula, riƙe da wani ɗan abu da bai fi tsawon hannuna ba. Na taɓa Kawu na ce, "Kawu, ina makaɗan?" Ya ce, "Ga su nan a hannunsa." Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ashe don gwangwanin kifi na karya doka, na kuma karya kafaɗa.

Gwangwanin kifi ne kuwa, ba zagi na yi ba. Kuntigi, ga yaran yanzu da ba su san shi ba, gwangwanin kifin sadin ne ake rufe wa baki da fatar akuya, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya, sa'an nan a maƙala wani ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandan don ya riƙa kacau-kacau in ana kaɗawa. Shi ke nan kayan aikin. Mai shi kuwa sunansa na yanka Adamu, an haife shi a 1946 a Bukuru, garin da ke maƙwabtaka da mu. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Bukuru, kuma uwa da uba duka sun rasu tun yana ɗan ƙanƙane, Sarkin ne ya riƙe shi, daga nan laƙabin ya samo asali. A wata tafiya da ya yi Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, ya dawo gida ya ɗauka, bai kuma ajiye ba har ƙarshen ransa. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi, daga baya ya zagaya ƙasashen duniya da wannan gwangwani, har aka ba shi digirin girmamawa ana ce masa Dakta. Duk wannan daga baya na sani. A daren nan abin da na sani kawai shi ne an cuce ni.

Sai ya taɓa tsirkiyar.

Ban iya kwatanta muku kiɗa da alƙalami ba, kuma ba zan gwada ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, sautin yana da sauri da kaifi kamar keken ɗinkin mahaifina in aiki ya yi yawa daren Salla, muryar kuma tana tafe a kansa ba ta tuntuɓe, kowace kalma tana fita sarai har ƙarshen fili. Da ya shiga Waƙar Karen Mota, wadda ita ce ta fara fito da shi, sai yaran mota suka tashi gaba ɗaya kamar an zuba musu wuta. Kawu, wanda kullum direba ke zagi, fasinja ke raina, 'yan sanda ke mari, ya cire hularsa ya jefa sama, ya fita fili yana rawa yana nuna ƙirjinsa da yatsa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya zaro Naira 10, kuɗin abincinsa na gobe, ya je ya liƙa. Wani mai motoci kuma ya fito da sabuwar takardar Naira 200 mai hoton Sardauna, wadda ba ta fi wata biyu da fitowa ba, ya ɗaga ta sama kowa ya gani kafin ya liƙa, har mutane suka riƙa miƙa wuya suna kallon kuɗin.

A nan ne, a ganina, Ɗan Maraya ya bambanta. Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna, kuma shi ma Ɗan Maraya ba a ce bai yi wa masu kuɗi da masu mulki waƙa ba, ya yi musu, abincinsa ke nan. Amma shi ne ya waiwaya ya dubi mutumin da ke kwana a ƙarƙashin mota, ya ga ya isa a yi masa waƙa. Ya dubi zaman aure ya yi Jawabin Aure da Auren Dole, ya dubi tazarar da ke tsakanin mawadaci da matalauci ya yi Mai Akwai Da Babu. Da ya shiga Gulma-Wuya kuwa, inda yake sauya murya ya zama mace ya zama namiji shi kaɗai, matan Birom da ke bayanmu dariya suke yi har da hawaye, suna zungurin juna, domin kowace ta san wata irin wannan a unguwarsu. Hausa ce harshen kasuwa a Filato, ba wanda ya nemi tafinta.

Wajen ƙarfe goma sha biyu saura, ana tsakiyar waƙa, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Ƙwayayen lantarki suka ɗauke, lasifika ta yi tsit, fili ya yi baƙi ƙirin in ban da acibalbal na masu shayi. Aka fara ihu, samari suka fara buga benci, wasu na cewa a mayar musu da kuɗinsu. Mu da ke gaba mu ne muka fara lura cewa kiɗan bai tsaya ba. Mutumin nan ko gezau bai yi ba, yana nan tsaye cikin duhu yana kaɗa abinsa yana waƙa. Na kusa suka yi shiru don su ji, na bayansu suka ga sun yi shiru su ma suka yi, shirun ya yi ta tafiya baya sahu-sahu har ya kai ga zana. Mutum ɗari da ɗoriya, da masu shayi da 'yan gaba-da-gaba da waɗanda suka sha burkutu suka yi tatil, ba mai ko tari. Ga taurari a sama, ga iskar hunturu tana kaɗa zana, ga tsirkiya ɗaya. Pam ya kama hannuna ya riƙe, hannunsa sanyi ƙalau kamar ƙarfen dogo. Kusan rabin sa'a aka yi haka, kuma da wutar ta dawo, wallahi sai da na ji wasu sun yi tsaki.

A cikin wannan duhun ne na waiwaya baya, ban san dalili ba. Can gindin zana, kusa da fitilar wani mai shayi, na hangi wani mutum tsaye shi kaɗai ya lulluɓa da bargo har ka. Bargon nan mai jan layi a baki na san shi, domin kullum da asuba ni ke naɗe shi. Cikina ya ɗuri ruwa. Na sunkuyar da kai na ɓuya a bayan Pam, ban sake ɗagowa ba sai da aka tashi, na duba wurin babu kowa.

Da asuba ya tashe ni salla kamar kullum. Muka je masallaci muka dawo, ina tafe a bayansa ina jiran bulala. Da muka kai zaure sai ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce, "Auta, ka ɗauki benci da yawa jiya. Je ka ƙara kwanciya." Daga wannan bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban ƙara ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. Rediyo kuma bai fasa rage masa murya ba.

Aikin jarida ya kai ni wasanni da yawa tun daga lokacin, a Kano da Kaduna da Abuja, a manyan ɗakunan taro masu fitilu kala-kala. Ba na cikin masu cewa mawaƙan yanzu ba su iya komai ba, akwai masu fasaha a cikinsu ƙwarai. Amma sau da yawa abin da ake kira wasa a yau shi ne a sako waƙar da aka riga aka ɗauka a situdiyo, mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki yana tsalle, jama'a kuma kowa ya ɗaga waya yana kallon wasan ta cikin gilashinta. Ran nan a wani wasa wuta ta ɗauke, sai ga mawaƙi tsaye yana murmushi yana ɗaga hannu, ba shi da abin da zai ba mutanen da suka biya dubbai. Namu wasan ko hoto ɗaya babu, domin wayar salula ta GSM ba ta shigo ƙasar nan ba sai a watan Agusta na 2001.

Wata guda bayan shigowar wayar, ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, rikici ya ɓarke a Jos, cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka wajen 1,000. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Jos ta ƙone. A wannan shekarar mahaifina ya ɗaure keken ɗinkinsa a motar su Kawu ya kwashe mu zuwa Bauchi, ko sallama ban yi da Pam ba. Aka sake yi a Nuwamba 2008. Sa'an nan a ranar 19 ga Janairu 2010, ina makaranta ina karatun aikin jarida, abin ya iso Kuru Karama. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe Musulmi aƙalla 150 a wannan ƙauye, an tsamo gawawwaki da yawa daga rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris na shekarar aka afka wa Dogo Nahawa da dare, aka kashe ɗaruruwan Kirista, galibinsu mata da yara. Ba zan zauna a nan ina auna gawa da gawa ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, na san a cikin waɗanda suka yi shiru tare a filin nan akwai waɗanda aka kashe, kuma ba zan iya rantsuwa cewa babu waɗanda suka yi kisan ba. Ɗan Maraya yana da waƙa mai suna Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, na daɗe ban iya sauraronta ba.

Shi kansa bai bar Jos ba. A can ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, cikin azumi. Ina bakin aiki labarin ya iso, aka ce in rubuta sakin layi huɗu, na rubuta, aka yanke ɗaya saboda talla.

To, da aka tashi daga taron Cibiya ran nan, na roƙi direbanmu ya ba ni rabin sa'a. Ya ce Malam, ka san dai inda kake, kada ka yi nisa. Na ce na sani. Na taka har filin. An zagaye makarantar da katangar bulo, filin kuma ya ƙanƙance, ko kuwa ni ne na girma. Wani dattijo Birom yana zaune a bakin ƙofa yana gadi, na gaishe shi, ya amsa yana dubana da alamar tambaya, irin duban da ake yi wa baƙo a wuraren nan tun bayan abin da ya faru. Na faɗi sunan mahaifina. Ya yi shiru, can ya ce, "Tela? Mai keke a zaure?" Ya matsa ya ba ni gefen bencinsa.

Na tambaye shi ko yana tuna daren da Ɗan Maraya ya zo janareto ya lalace. Dattijon nan ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Yaro, ba lalacewa ya yi ba, mai ne ya ƙare. Ni aka ba galan aka ce in hau keke in nemo. Kowa a garin nan yana ba da labarin abin da ya ji a cikin duhun nan, ni kaɗai ne ban ji ba."

Ya san gidan su Pam. Ya ce uwar ta rasu, shi kuwa yana koyarwa a wata makaranta wajen Pankshin, da 'ya'ya uku. Ya kira wani jikansa ya karanto mini lambar daga wayarsa, na rubuta a bayan takardar shirin taro, direba yana ta matsa mini oda daga bakin titi. Takardar tana nan cikin aljihuna yau kwana biyar. Na bari sai ranar Lahadi da la'asar, in ya taso daga coci ya huta.

Maganar taki kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.